Sunan da Ban Kama Ba

Surukina ne ya kafa ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo a Haɗejiya, tun kafin in auri 'yarsa. Masunci ne da ciwon gwiwa ya raba da kwalekwale, ya koma gyaran komar kamun kifi a zaure. Ko bihim bai sani ba a boko, amma duk wasanninmu a kansa suke. Yana ƙulla zare yana raba mana magana: kai ne sarkin ruwa, kai ne manomin da ambaliya ta cinye wa shinkafa. Kowa Baba yake ce masa. Sauran don girmamawa, ni kuwa dole ce, domin a gidanmu ba a kama sunan suruki ko da an ɗora wa mutum wuƙa a wuya.

A shekarun da kuɗin mai suka fara yawo, wani kamfani mai sayar da injin ban-ruwa ya buɗe ofis a garin. Manajan ya kalli wasanmu a filin makarantar da nake koyarwa, ya yi dariya har da riƙe ciki, washegari ya aiko a kira mu. Za su ba mu aron mota mu zaga kasuwannin Kirikasamma da Birniwa, akawunsu ya koya mana tafireta da tsara takardar shela. Shi kuma Baba ya koya wa 'yan tallansu yadda ake magana da mutanen fadama. Na ga samari masu laktaye zaune a tabarmarsa, yana ce musu, "Ba a fara wa manomi da kaya. Ka tambaye shi ruwan bana tukuna, ka bari ya gama kukansa."

Sharaɗi ɗaya suka kafa, a yi kwamiti na mutum bakwai, huɗu daga wajenmu, uku daga wajensu. Mu ko shawara ba mu yi ba a kan shugaba, ai ba a tambaya, Baba ne.

Ni ne magatakarda, ni na kai sunayen. Baba ya rako ni amma ya ƙi shiga, ya ce sanyin fanka na taɓa masa gwiwa, ya zauna a benci gindin taga. Akawun mutumin Kudu ne, mai kirki, Hausarsa ta kasuwa ce. Ya ce in faɗa ya buga. Na faɗi nawa da ƙarfi, har da gyara masa harafi. Na faɗi biyu na abokaina.

"Na huɗu fa?"

"Baba," na ce.

"Baba wane? Garin nan kowane tsoho Baba ne."

Gaskiya ya faɗa. Na buɗe baki, sai na hango ƙeyar tsohon ta taga, da hularsa da ta koɗe. Harshena ya ƙi. Akawu ya ɗora yatsu a kan tafireta yana jira, ni ina ta kallon siminti. Daga ƙarshe na ce zan kawo gobe. Ya ɗaga kafaɗa, ya bar layin fayau. Sai da muka kusa gida na tuna ina da alƙalami a aljihu, da na rubuta masa a tafin hannu ma ya isa. Na ce a raina takarda ce kawai, wa zai zauna a gaban Baba?

Da na koma da safe, takarda ta bi jirgin ƙasa daga Malam Madori zuwa babban ofishinsu na Kano. Ashe kafin ta tafi manaja ya ga gurbi, ya ɗauka mutum muka rasa, ya cike da sunan wani dillalinsu. Na yi magiya, aka ce a bari sai zaman farko a gyara. Ban gaya wa Baba ba. Kullum in ce gobe.

Ranar zaman Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Masinja na tsaye a ƙofa da takarda, yana duba suna yana barin mutum ya wuce. Ni na riga na shiga, an ba ni kujera kusa da manaja. Ina jin masinja yana ce masa, "Baba, ba ka ciki." Ina ji, ina gani, kuma ban tashi ba. Wannan ba kunyar suruki ba ce, kujerar ce ta yi mini daɗi, kuma na ji tsoron a ce magatakarda bai iya aikinsa ba. Tsohon ya leƙo, muka haɗa ido, ya yi murmushi.

"Ku ci gaba, dama na bar koma a baje."

A zaman nan aka zaɓi dillalin shugaba. An gyara takarda bayan wata biyu, amma Baba ya ce gwiwa ba ta barinsa. Mun zaga kasuwanni a mota, mun iya tafireta, wasanninmu suka koma yabon inji tun daga farko har ƙarshe. Mutane na kallo suna cin gyaɗa, ba mai riƙe ciki. Shi kuwa bai fasa amsa gaisuwata ba, bai taɓa tayar da zancen ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da zagina ya yi da na samu sauƙi.

Damina biyu bayan haka ya rasu. Bayan sadakar bakwai na kasa riƙewa, na zayyana wa matata komai, ina jiran ta tsine mini. Tana tsince shinkafa a faifai, sai ta ɗago.

"Ai ya ji ku ta taga," ta ce. "Ran nan da murna ya shigo gida. Ya ce mini, 'Mijinki ɗan halak ne. An tsare shi a ofis, an matsa masa, bai kama sunana ba.'"

Na yi kuka a gabanta kamar ba namiji ba. Yanzu na girmi shekarun da ya rasu a kai, ina da surukai na kaina. Na zauna rubuta wannan ne da niyyar in sa sunansa a layin farko, in biya shi gurbinsa. Na ɗora alƙalami sau uku, hannuna ya ƙi.