Zanen da Kawu Ya Yi a Jikin Gora

A shekarar da na gama sakandare na fi kowa surutu a gidanmu na Gashuwa. Na ci jarrabawar kimiyya, don haka ko randa aka ajiye sai na yi mata bayani. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, masunci ne, irin waɗanda ke kwanciya rub da ciki a kan ƙaton gora su shiga tsakiyar kogi da koma a hannu. Bakin goran yana sama, a ƙarƙashin ƙirjin mutum, nan ake zura kifin da aka kama.

Wata rana na tsare shi da karatu. Na ce masa ruwa yana tura abu sama ne daidai nauyin ruwan da abin ya ture, shi ya sa gora mai iska a ciki ba ya nutsewa. Ya gama saurare ya ce, "To ɗan boko, gobe sai ka zo ka gaya wa kogin."

Da safe ya ba ni gora, ya ɗauko wuƙa ya ja zane a jikinsa, kamar taƙi ɗaya ƙasa da baki. Ya ce, "In ruwa ya taɓa nan, ka nufi gaɓa. Ko kifin zinariya ne ka bar shi." Na ce to. Ban gaya masa iyona bai wuce na bakin rafi ba, kuma ina zaton ya sani.

Ranar kifi ya yi mini gata. Tarwaɗa da karfasa sai faɗowa suke cikin komata, ni kuma ina ta zurawa, ina hango fuskar mahaifiyata in na juye mata su a tsakar gida. Na ga ruwa ya kai zanen. Na ce ɗaya dai ba za ta yi komai ba. Na ƙara, na kuma ƙarawa. Ni da na haddace dokar, ko sau ɗaya ban tuna cewa kowane kifi da na zura nauyi nake ƙara wa goran ba.

Wata ƙatuwar tarwaɗa ce ta fizge ni gefe. Goran ya karkace, ruwa ya kwarara ta baki, na ji yana sulalewa daga ƙarƙashina. Ƙafata ta nemi ƙasa ta rasa. Na sha ruwa, na ɗago, na sake sha. Tsoron da na ji ban taɓa jin irinsa ba.

Sai na ji an damƙi wuyan rigata. "Saki komar! Kama nan, kada ka hau, rataya kawai!" Kawu ne, ashe yana dab da ni. Na rungumi goransa, ya ja mu da hannu ɗaya har gaɓa.

Ina kwance ina amayar da ruwa matarsa ta iso da kwando don kwasar kifi. Ta leƙa goransa, ta kife shi, ko ɗan ƙaramin kifi ɗaya bai faɗo ba.

Ta ce, "Malam, tun safe? A ranar da kowa ke cikawa?"

Ya ce, "In na cika shi, da me zan ɗauko ɗan mutane?"

Tun daga lokacin har ya rasu bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko a cikin wasa. Allah ya jiƙan Kawu, ya saka masa da alheri.