Naman Layyar da Na Mayar wa Gwaggo

Ni ne na yi kuskure, ba Gwaggo ba. Shekara shida na yi ina gaya wa kaina akasin haka.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. Da mahaifina ya zama Kirista, ita ta tsaya a Musulunci, ta yi aure a wani ƙauye ta wajen Gwiwa, mu kuma muna kusa da Roni. Wannan bai taɓa raba su ba. Duk Kirsimeti mukan kai mata shinkafa da kaza, duk Babbar Sallah takan hau acaɓa da kanta ta kawo mana soyayyen naman layya. Ko bayan rasuwarsa ba ta fasa ba.

Wata shekara wani baƙon mai wa'azi ya zo majami'armu. Ya ce duk wanda ya ci naman layya ya haɗa kai da duhu. Tsohon fastonmu ya ce ba haka ba ne, abincin zumunci ne, a gode wa Allah a ci. Na miƙe a cikin taro na ce fasto ya yi sanyi. A lokacin ana shirin zaɓen dattawan ikilisiya, ina so a ga zafina. Ban faɗa wa kowa wannan ba a lokacin.

Washegarin Sallah Gwaggo ta iso da hantsi, ta same ni a ƙofar gida tare da 'yan kwamitin ikilisiya biyu.

"Ɗan yayana, karɓi nan. Na ware maka hanta, ɓarawon kasko."

"Gwaggo, mun daina cin wannan."

Ta yi dariya. "Likita ne ya hana ka, ko matarka ta fi ni iya suya?"

Na dubi mutanen nan biyu, na ce, "Ƙazanta ce a wurinmu."

A garinmu ko kwanon da aka kawo maka abinci ba ka mayar da shi wayam, sai ka sa wani abu a ciki, ko da gyaɗa ce. Ni na mayar da nata a cike, ko murfin ban ɗaga ba. Ta ɗaure shi a ɗankwali, ta tafi bakin titi neman acaɓa.

An zaɓe ni dattijo. Gwaggo ba ta sake zuwa ba, na kira hakan tsanantawa saboda bangaskiya.

Bara mahaifiyata ta rasu. Gwaggo ta zo ta'aziyya da tabarmarta da gorar ruwanta, ta zauna a waje gindin darbejiya. Matata ta kai mata ruwa, ta ƙi karɓa. Ina kusa na ji ta ce, "A'a 'yata, kada in ɓata muku kofi." Babu gatse a muryarta. Ta yarda da abin da na faɗa, tana kiyaye mu ne.

Sai da na ƙara wata biyu ina jin kunya kafin na tafi ƙauyensu. Na same ta tana ɓarar gyaɗa. Na cire takalmi, na durƙusa.

Na ce, "Gwaggo, abin da na faɗa miki ƙarya ne. Ba Yesu ne ya sa ni ba, kujera nake nema, na wulaƙanta ki don mutane su gani. Hannunki ya ciyar da ni tun ban san kaina ba. Na yi miki laifi, na yi wa Allah laifi. Ki yafe mini."