Wadda Ta Wanke Abatcha

Ranar Talata, tara ga watan Sha'aban, da hantsi, Allah ya karɓi ran taubashina Abatcha a gidansa da ke Gure, bayan jinyar tsufa wadda ba ta daɗe ba. Na Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Mu da aka haifa a ƙarshen shekarun 1930 mun kusa ƙarewa, kuma ni Umara na gaji da raka tsarana makabarta ina dawowa ni kaɗai.

Abatcha, ɗan kawuna, tare muka yi kiwon awaki a Gidigir, tare aka kama mu aka kai lakwal, wato makarantar boko. Ni na tsaya a koyarwa, kai kuwa karatu ya ja ka har bayan teku, wata ƙasa ta gabas wadda ita ma talakawa ne cike da ita kamar tamu. Can ka samu aiki a tashar nukiliya mai sayar wa birane da masana'antu wutar lantarki. Da na tambaye ka mene ne aikin, ka ce tukunya ce ƙatuwa, ana dafa ruwa da ƙarfin ma'adinin nan da ake haƙowa a arewacin ƙasarmu, tururin ya juya inji. Na ce ashe dafa ruwa ka ƙetare teku ka yi, abin da matarka Biba take yi kullum a murhu ba tare da ta shiga aji ba. Ka yi dariya har da tari.

Tukwanen nan su suka cinye mana kai. Ka ce da zarar ta farko ta zauna daidai za ka dawo gida ɗungum. Sai aka ce ƙasar tana bukatar ƙarin wuta, za a gina ta biyu, kuma ba a sakin wanda hannunsa ya faɗa. Ana cikin ta biyu mahaifiyarka ta rasu, ka iso an riga an naɗe tabarmin makoki. Ta uku ta tafi da ƙuruciyarka. Biba tana nan, ka zo hutu ka koma, ita ce uwa ita ce uba. Sai da aka fara haƙa harsashin ta huɗu ka ce musu ya isa, ka tattaro ka dawo.

Ka dawo da wata ɗabi'a. A wurin aikinku ba a fita sai an tuɓe kayan aiki, an wanke hannu sosai, an tsaya gaban na'ura ta shaida ba ka ɗauko komai ba. Abin ya zame maka jiki. Ko daga kasuwa ka dawo, sai ka tsaya a zaure ka sauya riga, ka wanke hannu, kafin ka ɗauki jikokinka. Mutanen unguwa suka gani, suka haɗa da sanƙonka na gado, suka ce da ba ya ɗauke da gubar wurin nan a jikinsa, me yake wankewa kullum?

Ka yi bayani har bakinka ya gaji. Aka daina miƙo maka hannu, sai dai a dafa ƙirji daga nesa. Wannan bai hana ka gyara famfon unguwa ba lokacin da ya mutu, ko da yake wasu matan sun gwammace su tafi rijiya mai nisa bayan ka taɓa shi. Bai hana ka haɗa wa gidan likita wutar hasken rana don kada allurar yara ta lalace ba. Ni dai ban fasa zuwa cin tuwonka ba, ina ce maka idan gubar ce to ta sha daddawa. Kana dariya, amma na san abin yana cin ranka, don ka taɓa ce mini, "Umara, ba mutuwar nake tsoro ba. Wa zai wanke ni?"

Ranar Talatar nan tambayarka ta zo. Fannami, mai wanke gawar maza a unguwarmu, mutumin kirki ne, amma ya aiko cewa ƙugunsa ya riƙe. Sauran maza suka cika zaure, kowa kansa a ƙasa. Ɗanka yana kan hanya daga Yamai, zafin Gure kuwa ba ya jiran matafiyi. Ni kuwa ba zan iya juya ka ni kaɗai ba. Wallahi ban taɓa jin kunyar garinmu kamar ranar ba.

Sai Biba ta leƙo bakin zaure ta ce wa liman, "Allah gafarta malam, shari'a ta yarda mace ta wanke mijinta?" Ya ce ta yarda. Ta dube ni ta ce, "Malam Umara, zo ka zuba mini ruwa."

Haka muka yi maka wanka, tsofaffi biyu, ina zubawa tana cuɗawa. Ba ta yi kuka ba. Da muka gama, hannuwanta ba su bushe ba ta ɗebo ruwa a randa cikin ƙwarya, ta fito zaure ta durƙusa, ta miƙa wa baƙin da suka zo gaisuwa. A garin nan ba a mayar da ruwan gidan rasuwa. Liman ya sha. Ta kai gaban Fannami, wanda ya lallaɓo daga baya, ta tsaya riƙe da ƙwaryar. Ya daɗe yana kallon hannuwan nan, sannan ya karɓa ya sha, ya tashi ya shiga ya sa maka likkafani da kansa.

Allah ya jiƙanka, Abatcha, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya hutar da kai hutun da ba ka samu ba a can, ba ka samu ba a nan. Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'ya da jikoki da dangi na Gure da Gidigir. Biba, Allah ya ba ki haƙuri, kuma ranar da taki ta zo, ya sa a yi rububin wanke ki.