Nomau da Farin Ɗakin Hamdara

Kulu mai man gyaɗa ce ta fara ba ni labarin Nomau, ran wata Alhamis a kasuwar Dole, tana auna mini mai. Ita mutuniyar Hamdara ce. Ta ce ɗan maƙwabcinsu Malam Habibu ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, shi ne na farko a unguwarsu, zai shigo Damagaram karatun likita, sai dai ba shi da wurin kwana. Ni kuwa tun rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa, ɗakin zaure yana nan a kulle. Na ce a turo shi saboda Allah. Na kuma tuna ina da 'yata Wasila a gida, ta fara zama budurwa, kuma ba uwar da za ta ƙi suruki likita.

Ya zo da buhun hatsi da tabarma. Dogo ne, shiru-shiru, ba a tashinsa salla. Iya yake ce mini. In na zuba tuwo, nasa kwanon ya fi na ɗana Idris nama, har Idris ya fara ce masa ɗan gaban goshi.

A shekara ta biyu idona ya kumbura. Na kira shi tsakar gida na ce ya duba. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Iya, ni fa ba likita nake karantawa ba."

Na ce to me? Ya faɗi sunan da Faransanci, sosiyoloji, na sa ya maimaita har harshena ya kama. Wai karatun yadda mutane suke zama da juna ne. Na ce su wa ke ɗaukar mutum aiki da wannan? Ya ce abin da ke hana shi barci ke nan. Bak ɗinsa ba irin wanda ake shiga likita da shi ba ne, inda aka ga dama aka jefa shi. Ubansa kuwa bai san wani dogon karatu ba in ba likita ba, shi ya tashi a masallaci ya yi shela ɗansa zai zama likita, mutane suka shafa fatiha, Nomau yana zaune bai iya buɗe baki ba. Ya ce yayyensu na jami'a da suka gama, wasu kabu-kabu suke yi, wasu suna yawo da dosiyen takardun neman aiki daga wannan biro, wato ofis, zuwa wancan. Yana tunanin ya ajiye ya koma gona tun da sauran ƙarfinsa, sai kuma ya tuna shekarun da ya zuba. Na ce ya yi istihara, ya je ya gaya wa ubansa gaskiya.

Da aka yi bakansi, hutun makaranta, ya tafi gida da wannan niyya. Ya tarar tsoho ya gina masa ɗaki na siminti da kwano a ƙofar gida, an shafe shi da farar ƙasa. Gonaki kuma an raba wa 'yan'uwansa kyauta, gaban liman da shaidu, tunda likita ba ya riƙe hauya. Kason Nomau aka sayar aka yi ginin. Mata sun yi layi a bakin ɗakin da yara a goye. Ya dawo bai faɗa ba.

Da zai sake komawa gida sai na ga ya sayi ƙwayoyin ciwon kai da na zazzaɓi a kasuwa ya cusa a jaka. Na ce masa wannan haramun ne, ran mutane ne. Ya ce ya sani. Ya tafi da su. Tun ranar na hana Wasila kai masa tuwo, Idris ke kaiwa.

A shekarar ƙarshe Malam Habibu ya taka kututture wajen sassabe. Ashe yana da ciwon suga, gyambon ya ƙi kamewa. Majo, babban malamin asibitin garinsu, ya ce a kawo shi Damagaram, tsoho ya ce ba baƙon da zai taɓa masa ƙafa yana da likitansa na kansa, a jira yaro ya gama jarrabawa. Nomau ya yi ta roƙo a waya a ɗauko shi. Tsoho ya ce kunya ce kawai irin ta mai ilimi, shi dai ya zo.

Kulu tana wurin ranar da ya je, ita ta gaya mini. An shimfiɗa wa tsoho tabarma cikin farin ɗakin, maza sun cika ƙofa, mata suna leƙe ta taga sun toshe hanci da mayafi. Ƙafa ta yi baƙi har ƙauri. Tsoho ya miƙa ta yana murmushi, ya ce, "Bismilla, likita."

Nan Nomau ya durƙusa ya faɗa, kowa yana ji. Tsoho ya tambaye shi ko cikin karatun nan an koya masa ko da wankin gyambo ne. Ya ce a'a, Baba. Tsoho ya janye ƙafarsa da hannu biyu, ya dubi babban ɗansa Abdul'aziz ya ce, "Ku kai ni wurin na gaske."

A nan Damagaram aka yanke ta, sama da gwiwa. Yana nan da ransa. Bai tsine masa ba, alhamdulillahi, amma in Nomau ya yi masa sallama, mutumin da ke kusa yake tambaya ko wane ne. Da Nomau ya je neman ko da gefen gona ne, Abdul'aziz ya ce abin da uba ya bayar gaban liman ya bayu, rabonsa yana cikin gini. Ginin kuwa buhunan gyaɗar Abdul'aziz ke ciki.

Nomau dai ya gama, ya karɓi lisansi, takardar digirinsa, ya kawo mini na shafa da hannu na yi masa addu'a. Ya shiga konkur, jarrabawar neman aikin gwamnati, bai samu ba, ya sake bai samu ba. Da Idris zai yi aure na buƙaci ɗakina, na gaya masa da daɗin rai, ya naɗe tabarmarsa. Wasila tana gidan mai walda a Garin Malam, ita ta zaɓa, ba su rasa ci ba.

Yanzu Nomau yana tashar da motocin Hamdara ke lodi, da tiren ƙwayoyi a ka, an jera su ja da fari an ɗaure da roba. Mutanen garinsu in sun zauna cikin mota sai su miƙo hannu ta taga su ce, likita, kawo na ciwon baya. Yana amsawa, ya ɓallo musu.