Ɗankwalin da Ya Faɗi a Filin Makaranta

Wai laifi na yi ranar nan, ko kuwa abin da Allah Ya ba ni ne na nuna? Na tsufa da wannan tambayar, na binne mai gidana da ita, har yau ban san amsarta ba. Jikata Maryam ce take rubuta maganar nan, ni ban san ko alif na boko ba. Ta ce a jami'a tana binciken yadda ake tauye mata a harkar wasanni, na ce mata ta zauna, wata ta riga ta zuwa da irin wannan tambayar tun uwarta tana goye. Ina so kuma matan da ke aikin madafa a makarantu yanzu su ji.

Ranar wasannin makarantarmu ta wata shekara ba ta taɓa fita daga raina ba. Zamanin ne da kuɗin mai ya yi yawa, ba a daɗe da yanke mana jihar Sakkwato ba, ana ta gina makarantu. Ni kuku ce a wata makarantar kwana a Tambuwal, ɓangaren 'yan mata. A sama akwai shugaban makaranta, sai malamai, sai metiron, wato dattijuwar da ke kula da ɗakunan kwanan yara, sannan mu masu tukunya. Yaran daga ƙauyuka ake kwaso su, Dogon Daji, Kebbe, har da Fakku inda aka haife ni. Suna kirana Inna, manya kuma su ce Ta-Fakku. Mai gidana tela ne, ɗan gidan malamai, shi ke ɗinka kayan makarantar. Da ƙyar danginsa suka yarda na fita aiki, sai da aka ce musu cikin mata zan yini.

Ga yadda ake ranar wasa. Ana share fili, a zana layuka da farar ƙasa, a kafa rumfa don manyan gari. Maza ana ba su gajeren wando da takalmin kambas, su yi tsere, su yi tsalle, a ba gwani kofi. Mata kuwa abu biyu ne rabonsu: tafiya da kwalba a ka, da zura zare a allura. Da an gama, a kora su bayan rumfa su raba ruwa. Ba mu taɓa ganin aibun haka ba.

A wannan shekarar wata baƙuwa ta zo daga jami'a, Malama Rabi, da rikoda a rataye. Ta ce bincike take yi kan rabon 'yan mata a wasannin makarantu. Ina tsaye da tulun kunun zaƙi kusa da rumfa na ji tana tambayar malamin wasanni, Malam Sani.

"Malam, su matan yaushe za su yi tsere?"

Ya yi dariya. "Ai kin gani, sun yi na kwalba."

"Na gudu nake nufi."

"Malama, ƙafar mace ba ta gudu ba ce. Ko kin sa su, faɗuwa za su yi."

"Ka taɓa gwada su?"

Shugaban makaranta yana ji, kuma ba ya son baƙuwa ta koma birni da labarin cewa makarantarsa tana baya. Nan take ya ce a fito da 'yan mata su zagaya fili sau ɗaya.

Aka kira su, suka ƙi motsi. Suka cure wuri guda, kowace ta sunkuyar da kai. Ba taurin kai ba ne. A wurinmu budurwa ba ta shiga gaban taron maza sai da babbar mace a gaba, ko gaisuwa za a je. Metiron kuma ciwon gwiwa ya hana ta ko tashi daga kujera. Sai idon shugaba ya faɗo kaina.

"Ta-Fakku, aje tulun nan. Ki shige gabansu ki raka su bakin layi. Tafiya kawai za ki yi, in an busa usur ki koma gefe."

"Ranka ya daɗe, ni da aurena?"

"Wa ya ce ki yi gudu? Rakiya ce."

Na gyara ɗaurin zanena na shige gaba, yaran suka biyo ni. Wata yarinya 'yar Kebbe, Hajo, siririya mai dogayen ƙafafu, ta riƙe gefen zanena. Ta ce, "Inna, tsoro nika ji." Na ce, "Ga ni nan, ɗiyata, ba abin da za ya same ki."

Dole in faɗi wani abu game da ƙuruciyata. A Fakku ni ke kiwon awakin gidanmu. In akuya ta ɓalle ta nufi gonar wani, ni ake kira, don ba yaron da ke cim mini, mace ko namiji. Tun da aka kai ni ɗaki ban sake ɗaga ƙafa ba. Na ɗauka abin ya mutu.

Malam Sani ya busa usur. Wallahi ban yi niyya ba. Hajo ta zabura, hannunta bai saki zanena ba, na yi taku biyu don kada ta ja ni ƙasa, daga nan ban san lokacin da na tattare zane zuwa gwiwa ba. Iska ta cika mini ƙirji. Na ji ƙasa tana gudu a ƙarƙashina kamar ina bayan akuya a fadama. Na wuce yaran, na sha kwana, na ji Hajo a bayana tana haki tana dariya. Ban ji daɗi irin na wannan lokacin ba, kafinsa ko bayansa.

Sai da ƙirjina ya taɓa zaren da aka tare layi da shi na dawo hayyacina. Na kai hannu kaina, ba ɗankwali. Kitsona a buɗe, ƙaurina a waje, gaban rumfar da ke cike da rawuna. Wuri ya yi tsit, sannan dariya ta ɓarke. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Barewar Fakku!" Na ɗaga ido, na ga mai gidana a bakin rumfa, ya kawo tutocin da ya ɗinka. Kusa da shi yayansa, Malam Babba. Na dafe kaina da hannu biyu na nufi madafa. Ɗankwalin ban koma nemansa ba.

Malama Rabi ta same ni can, na lulluɓe da buhun da muke sauke tukunya. Ta tsuguna ta kunna rikoda.

"Baba, kin san kin fi wasu mazan sauri? Yaya kika ji?"

Na ce, "Kuskure ne, Malama. Don Allah kashe abin nan."

"Yaran fa? Kina ganin a bar su su riƙa gudu?"

Kunya ta toshe mini baki. Ta jira, ta jira, ta kashe rikodarta, ta dafa kafaɗata ta tafi.

Kashegari shugaba ya kira ni ofis. Bai yi faɗa ba, ya dai ce manyan gari sun yi magana, kuma tseren mata an gama shi ke nan. Aka koma kwalba da allura. Hajo ta kan leƙo madafa ta ce, "Inna, da an sake, sai na wuce ki." Ba a sake ba har ta gama ta koma Kebbe. Duk sanda na tuna yarinyar nan sai in ji fuskata ta yi zafi.

A gari kuwa sunan ya bi ni. Yara a hanya su ce Barewa. A kasuwa abokan mai gidana suna tsokanarsa: "Tela, in ta yi yaji da mi za ka kamo ta? Sai dai ka hau kekenka na ɗinki!" Malam Babba ya zo har gida bayan la'asar, ina ɗaki ina jinsu a zaure.

"Matar gidanmu, kai buɗe gaban hakimai? Ko ta bar aikin nan, ko ta koma Fakku."

Na zauna kan gado ina jiran hukuncina. Can na ji muryar mai gidana a hankali. "Yaya, na ji. Za ta ci gaba da aikinta."

Ya shigo, na kai masa tuwo, ya ci, bai ce mini komai ba. Ranar bai ce ba, shekarar bai ce ba. Muka haifi sauran 'ya'yanmu, muka aurar, na yi ritaya, maganar ba ta taɓa fitowa daga bakinsa ba. Ni kuma na ɗauki shirun nan a matsayin ciwon da na sa masa, yana haƙuri da ni ne kawai. Ko rediyo aka sa labarin wasanni, sai in tashi in bar ɗakin.

Abin da aikin nan ya koya mini kaɗan ne. A makaranta, ƙaramin ma'aikaci shi ake turawa gaba in ana son a burge baƙo, in abu ya ɓaci kuma shi ke ɗauka. Kuma mutanen da suka ce mace ba ta iya gudu, da suka gani da idonsu ba su canza magana ba, filin suka rufe. Ku da ke aiki da 'yan mata yanzu, in wata ta zo tana tambaya kamar Malama Rabi, ku buɗe baki. Ni ban iya ba.

Bara ciwo ya kwantar da mai gidana. Wata safiya da hantsi ina ba shi kunu, ya kawar da ludayin, ya nuna tsohon kekensa na ɗinki da ke jingine a lungu. Ya ce in jawo akwatin da ke ƙarƙashi. Ƙasan zare da ƙyallaye na ga ɗankwali mai ruwan goro, a ninke, ya koɗe. Na gane shi nan take. Ya daɗe yana kallona, har ya yi ɗan murmushi. Magana ɗaya ya ƙara, daga ita bai sake ce mini komai ba, sai salati, har azahar ta yi Allah Ya karɓi abinsa.

Cewa ya yi, "Ni na tsince shi. Kunyar Yaya ta hana ni tafa miki. Amma ke, Ta-Fakku, kin iya gudu."