Minti Huɗun Malam Ado

Cikin shekara tara da na yi ina aikin gadi a Doha, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wata Asabar ta watan Maris, ranar da Malam Ado ya makara da minti huɗu. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kun sha jin ana cewa Oga Lawal, wato ni, yana da takardar gargaɗi guda ɗaya a fayil ɗinsa. To ga asalinta.

Lokacin ni ne shugaban masu gadi a wata makarantar 'ya'yan baƙi da ke Abu Hamour. Mu shida ne, ƙofa biyu. Tsarin kamfaninmu a fili yake. Kowane mai gadi yana da hutun minti goma sha biyar da yamma, wani ya riƙe masa ƙofa. In zai tafi ya dangwala yatsa a na'urar bakin get, in ya dawo ya sake dangwalawa. Wanda ya wuce lokaci, na'urar da kanta take kai ƙara ofis, shugabansa kuma ya rubuta dalili kafin kwana ɗaya ya cika. Gargaɗi uku cikin shekara guda, an soke kwantiragi, sai tikitin gida. Malam Ado yana da biyu.

Ɗan Haɗeja ne, ya girme ni da kusan shekara goma, don haka shi yana ce mini Oga, ni ina ce masa Malam. Mutum ne marar hayaniya, yana da 'ya'ya mata biyu a makarantar koyon jinya a gida, shi ke ɗauke da su. Gargaɗinsa na farko motar kamfani ce ta bar shi a masauki. Na biyun kuwa kunnensa ne ya ja masa.

Makarantar tana da babban zaure, kuma duk Talata bayan la'asar mutane kusan arba'in kan taru a ciki su yi busa. Ma'aikata ne daga ƙasashe daban-daban, da injiniyoyi da malaman asibiti da wasu na banki, kowa ya taso daga aiki da akwatin kayan busarsa. A gida da mun ce 'yan badujala ne, sai dai su a zaune suke yi, kowa da takarda a gabansa, ba fareti. Shugabansu malamin kiɗa na makarantar ne, wani dattijo ɗan Sikotilan mai ciwon gwiwa, Mista Gordon. Abin da ya fi so shi ne ya ɗauko tsofaffin waƙoƙin ƙauyukansu, na makiyaya da na masunta, ya zauna da fensir ya rarraba su, wannan layi na masu sarewa, wancan na masu ƙaho. Wata Talata Malam Ado ya je hutunsa ya tsaya a bakin zauren yana saurare, bai san lokaci ya ƙure ba. Ni na rubuta masa dalilin da hannuna.

A shekarar shekarun Mista Gordon suka kai na ajiye aiki, ba a sabunta masa kwantiragi ba. Sai ya shirya taron ban kwana, ya ce da wata waƙar rakiyar matafiyi za a rufe. A ƙasarsu da wata salkar fata mai bututu ake busa irin wannan waƙa, kuma salkar tana da amo guda a ƙasa wanda ba ya yankewa daga farko har ƙarshe. Don a kwaikwayi amon, ya ba mutum biyu masu busa basun, wani dogon itace mai kauri da ɗan kara a bakinsa, ya ce su riƙa karɓa-karɓa, in wannan zai ja numfashi wancan ya riƙe. Ana saura mako shida kamfanin ɗaya daga cikinsu ya mayar da shi wata ƙasa. Aka bar wata 'yar Filifin ita kaɗai, ita kuwa dole ta numfasa. Duk lokacin da amon ya yanke sai Mista Gordon ya yamutsa fuska kamar wanda ya taka ƙaya.

Ranar da muka shiga rufe zaure ni da Malam Ado, muka tarar da dattijon shi kaɗai yana goge wani abu a takarda. Malam Ado ya tsaya, ya ce da ni, "Oga, gaya masa in amon nan ne kawai, ni zan riƙe masa."

"Malam, kai da gargaɗi biyu?"

"Ka dai gaya masa."

Na fassara. Mista Gordon ya yi murmushin da ake yi wa mai gadi, ya ce waƙar minti shida ce, ba wanda ke da huhun haka. Malam Ado bai yi musu ba. Ya ɗebo ruwa a kofi, ya sa tsinken shan lemo a ciki ya fara hurawa. Kumatunsa suka cika, hancinsa na jan iska, ruwan yana ta ɓulɓula bai tsaya ba. Dattijon ya dubi agogonsa, ya sake duba, sannan ya jawo kujera ya zauna. A nan ni ma na fara jin cewa gidan su Malam Ado gidan masu algaita ne, kuma da kara da ƙwaryar ruwa mahaifinsa ya koya masa tun yana shekara bakwai.

Makarantar tana da basun guda a sito. Amo ɗaya ake buƙata, yatsu ba sa motsi, sai dai baki ya saba da karan. Malam Ado ya riƙa ba shi minti goma na hutunsa duk Talata, ina tsaye ina duba agogo. Ban sanar da mudir ɗinmu, wato manajan kamfani, ba. Na san abin da zai ce: kwantiragi gadi ya ce, bai ce busa ba. Na ɗauka hutun mutum nasa ne, in dai ya dawo kan lokaci ba ruwan kowa.

Lissafin ranar taro ni na yi shi, kuma har gobe ina ganin lissafi ne mai kyau. Malam Ado ya dangwala yatsa ƙarfe biyar daidai, Awudu ɗan Kumasi ya karɓi ƙofa. Minti biyu zuwa zaure. Mista Gordon ya yi alkawarin fara waƙar biyar da minti uku. Minti shida na busa, minti biyu na komawa, ga rarar minti huɗu. Na kuma koya wa Malam Ado alamar: in Mista Gordon ya dunƙule hannunsa na hagu, kowa ya tsaya. Ya ce ya gane.

Komai ya tafi yadda aka tsara. Zaure ya cika, Malam Ado ya zauna a layin baya na masu busa da yunifom ɗinsa, ni ina jingine da bango kusa da ƙofa. Shi ya fara shi kaɗai, amo mai kauri a ƙasa, sannan sarewa ta hau kai, sauran suka biyo. Ban san kan kiɗan Turawa ba, amma na ga wata tsohuwa a layin gaba tana laluben hankici a jakarta.

Da aka zo ƙarshe, Mista Gordon ya ɗaga hannun hagu, sai ya kasa dunƙulewa. Ya tsaya haka na ɗan lokaci, ya ajiye siririn sandan da yake jagorantar kiɗa da shi a kan takarda, ya sauko daga dandamali ya nufi ƙofar baya, inda nake. Sauran masu busa sun ga takardarsu ta ƙare, kowa ya sauke abinsa. Malam Ado bai sauke ba.

Zauren yana da tsawo, dattijon kuma ga gwiwa. Yana tafe yana dafa kujeru, mutane na miƙo masa hannu, yana tsayawa yana karɓa. Ba wanda ya tafa, don amon bai tsaya ba. Na ɗaga hannu na nuna wa Malam Ado agogo. Ya gan ni sarai, idonsa ya koma kan bayan dattijon. Na dunƙule nawa hannun na ɗaga sama, bai ko sake kallona ba. Raina ya ɓaci ƙwarai a lokacin, ba zan ɓoye muku ba. Sai da Mista Gordon ya wuce ni, ƙofa ta rufe a bayansa, sannan amon ya sauka a hankali ya ɗauke.

Malam Ado ya yi gudu irin na mai shekara hamsin. Na'ura ta rubuta biyar da minti goma sha tara.

A ɗakin masu gadi na ce masa, "Malam, ka ga agogon da na nuna maka?"

"Na gani, Oga."

"To me ya hana ka tsayawa?"

"Bai rufe hannu ba. Kuma a gidanmu in kana raka mutum da busa, ba ka yankewa yana kan hanya. Sai ya ɓace wa ganinka. Wanda ya yanke, ya kore shi ke nan."

"Ka san na uku ke nan?"

"Na sani."

Takardar dalili tana da gurbi biyu da ake zaɓa: ya bar wurin aiki ba da izini ba, ko kuwa da izinin shugabansa. Na farko ya wanke ni, ya aika shi gida. Na biyu ya dawo da laifin kaina, tare da bayanin mako shida da na ɓoye wa ofis. A watan kuma an sa sunana cikin waɗanda za a ba kula da makarantu uku. Na zauna da biro wajen rabin awa. Ba tausayi kaɗai ya sa na zaɓi na biyu ba. Ni na yi lissafin, ni na ce minti shida ne.

Washegari mudir ya kira ni ofishinsa da ke Bin Mahmud. Ya karanta takardar sau biyu, ya cire tabarau.

"Lawal, mai gadi na aiko maka ko mai busa?"

"Mai gadi, ranka ya daɗe."

"Wa ya ba shi izini?"

"Ni."

"Khalas, magana ta ƙare. Gargaɗin naka ne. Shi kuma ba zai ƙara kwana a makarantar nan ba."

Aka cire sunana daga jerin ƙarin girma, sai bayan shekara biyu ya sake shiga. Malam Ado aka mayar da shi gadin wani sito a unguwar masana'antu, inda ba abin ji sai ƙarar manyan motoci. Ba a soke kwantiraginsa ba, 'ya'yansa sun gama karatu. Mista Gordon ya rubuto wa ofis wasiƙar godiya kafin ya tashi, aka sa ta a fayil, ba ta canja komai ba.

Abin da na ɗauka daga wannan ba wai doka ba ta da kyau ba ne. Na'ura ta yi aikinta, mudir ya yi nasa. Kuskurena shi ne na auna minti, ban auna mutumin ba. Na koya masa inda Bature ke tsayawa, ban tambaye shi inda su suke tsayawa a gidansu ba. Tun daga ranar, duk wanda zan ɗora a wani aiki, sai na tambaye shi abin da ya iya kafin ya sa yunifom, da abin da aka hore shi kada ya yi. Mafi yawanmu nan da wata sana'a muka taso, kuma ba ta barin mutum don ya hau jirgi.

Bayan wata uku na haɗu da Malam Ado a kasuwar Asian Town wata Juma'a, yana sayen takalmi. Na yi zaton zai yi maganar sito, ko ya yi mini godiya, ko ya ba ni haƙuri. Muka gaisa, ya tambayi iyali, sannan ya ce, "Oga, wani abu nake so in tambaye ka. Ranar nan daga layin baya ban hango ƙofa sosai ba, kai kuwa kana kusa. Ya fita kafin in sauke?"

Na ce masa ya fita, har ƙofa ta rufe.

Ya ce, "To, alhamdu lillahi." Ya juya ya ci gaba da gwada takalminsa.