Malam Lawal Safiyo da Giɓin Ganuwa

Jiya da safe motocin tifa sun koma ɗibar ƙasa a jikin ganuwa, bayan Ƙofar Guga. Mutumin da ya saba tsayawa a gabansu, Malam Lawal Safiyo, ya rasu ranar Talatar makon jiya a asibiti nan Katsina, bayan gajeriyar rashin lafiya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina ofis a Kaduna aka ce ana nema na a waya. Sani ne, babban ɗansa. Ya gaishe ni, ya tambayi aiki da iyali kamar yadda aka koya masa, sannan ya ce Baba ya cika da hantsi, za a kai shi bayan Azahar. Babu motar da za ta iso da ni Katsina kafin lokacin. Ban sami jana'iza ba, zaman makoki na tarar.

Na taso a Ƙofar Kwaya ina ganinsa a zauren gidanmu, domin abokin yayana ne. Ban taɓa ganin ya gama gaisuwa a zaune ba. Yakan tsuguna ya gaida mahaifinmu, kafin a kawo ruwa ya miƙe yana duban bangon zaure, yana faɗin inda zai tsage idan damina ta yi nisa. Aikinsa awon ƙasa ne, kuma da ƙafa yake yin sa. Yakan gaya wa ƙananan ma'aikatansa, "Filin da ba ka taka ba, kada ka sa masa hannu."

Da kuɗin mai suka shigo aka fara buɗe sababbin hanyoyi, shi ne ya kafa turakun da yawa daga cikinsu. Ɗaya daga cikin hanyoyin nan ta ratsa ta jikin ganuwa. Bai taɓa ɓoye wannan ba. A lokacin, in ji shi, tudun ƙasa kawai yake gani a kan layinsa.

A waɗancan shekarun gwamnati ba ta ƙyashin tura mutane taro ko'ina a duniya. Haka muka sami kanmu cikin wata tawaga zuwa ƙasar Peru, a Kudancin Amurka, shi a matsayin ma'aikaci, ni a matsayin mai aiko da labari. Da aka gama taro a Lima, masu masaukinmu suka ɗauke mu a jirgi zuwa Kusko, tsohon birnin sarakunan Inka, can bisa duwatsu. Iskar wurin ba ta ƙosar da ƙirji. Mutum ya hau ɗan matakala sai ya tsaya yana haki. Yawancin 'yan tawaga suka kwanta da ciwon kai. Aka kawo mana shayin wani ganye da aka ce yana taimakawa. Malam ya tambaya, ya sake tambaya ko yana bugarwa, da aka rantse masa ba ya yi, ya kurɓa, ya ɗauki hularsa ya ce mini, "Ɗan jarida, tashi. Ba kwanciya ta kawo mu ba."

Muka shiga lungunan birnin. Ƙunci gare su kamar na cikin garinmu, sai dai da dutse aka shimfiɗe su. Mata na wucewa da goyo cikin mayafai masu launi, wata na jan wata dabba mai wuyan raƙumi da gashin tunkiya. Malam bai kula da su sosai ba. Bango yake kallo. Ƙasan kowane bango manyan duwatsu ne da mutanen Inka suka jera, babu siminti, babu laka, samansa kuma ginin waɗanda suka ci su da yaƙi ne. Ya fito da rezar da yake fiƙe fensir da ita, ya nemi ya tura ta tsakanin dutse da dutse. Ta ƙi shiga. Ya gwada gaba, ya sake gwadawa, har masu wucewa suka fara tsayawa suna kallon wannan baƙo mai babbar riga da ke bin bango da reza.

Washegari aka kai mu wani kango a saman birnin. Ban taɓa iya faɗin sunansa daidai ba, Malam kuwa tun ranar ya raɗa masa Ganuwar Inka. Wasu duwatsun sun fi ɗaki tsayi. Mai yi mana jagora wani malamin makaranta ne ɗan asalin wurin, mai jin Turanci. Malam ya tambaye shi su wa suka yi wannan aiki. Ya ce kowane gari yakan aiko da mazajensa bi da bi, su yi nasu kason su koma gona. Malam ya juyo gare ni ya ce, "Gayya ke nan. Haka kakana ya ce ake yi wa tamu bayan damina, kowace unguwa da nata wajen."

Ya ci gaba da tafiya yana haki, ina binsa ina roƙonsa ya huta. Ya yi sallar Azahar a gindin wani dutse bayan ya duba alƙibla da kamfas ɗinsa na aiki. Da ya sallame ya daɗe yana duban saman bangon, sannan ya ce ginin nan bai ƙare a nan ba, ina sauran? Jagoran ya nuna mana birnin da ke ƙasa, da jajayen rufinsa. Ya ce ga shi can. Waɗanda suka ci garin sun kwashe duwatsun da za su iya ɗauka suka gina gidajensu, mutanen gari ma suka ci gaba da ɗiba bayansu. Abin da muke gani shi ne wanda ya fi ƙarfin ɗauka.

Malam ya dafa dutsen da ke gabansa. Can ya ce, "Wanga nauyinsa ya cece shi. Tamu ƙasa ce, Ɗan jarida. Ko da kwando ana iya ƙarar da ita."

Wannan magana ita ce tsarabar da ya kawo Katsina. Hajiya Binta, uwargidansa, ta gaya mini a wajen ta'aziyya cewa bargo ya kawo mata daga can, da kuma fitina, kuma fitinar ta fi bargon yawa. Ta faɗa tana murmushi, tana share ido.

Ƙasar ganuwa tana da farin jini wajen masu gini, domin tana kusa, kuma tun da can an riga an gyara ta. Gari yana bunƙasa, kowa na son ciko da tubali. Da sassafe motoci kan zo bayan Ƙofar Guga, leburori su sassari bango su loda. Malam ba shi da ikon hana kowa. Ya je ofisoshi, aka ce ana duba maganar. Sai ya koma abin da ya iya: ya fito bayan Asuba ya tsaya a bakin giɓin da suka yi, yana gaida kowa da sunansa, yana tambayar lafiyar iyayensa, har kunya ta sa a juya. Abokansa suka sa masa suna Alhajin Inka. Idan ya shigo zaure sai wani ya ce a ɓoye reza, mai duba bango ya iso.

Wani direba, Ɗan'azumi, ya taɓa leƙo kai ta tagar mota ya ce masa, "Malam, ganuwa ai yaƙi take tarewa. Yanzu wane yaƙi ya rage?"

Malam ya ce, "Ga shi nan kana tuƙawa."

Ba zan ce mutum ne mai sauƙin zama ba. Ya yi watanni ba ya shiga gidan ƙanensa saboda da ƙasar ganuwa aka cike tsakar gidan. Ni ma mun yi gardama. Na ce masa mutane gidaje suke nema, ba tarihi ba, kuma baƙi ba za su taso daga wata duniya don kallon tudun jar ƙasa ba. Ya ce shi ba don baƙi yake yi ba. Ya ce jagoran nan na Kusko yana nuna masa abin da wasu suka rushe musu, mu kuwa idan jikokinmu suka tambaya, wa za mu nuna? Bai ƙi hanya ba, bai ƙi gini ba. Cewa yake ramin ƙasa na nan a hanyar Batagarawa, nisa kawai ake gudu.

Bana ya ga tsayuwa kaɗai ba za ta yi ba. Ya ce abin da mutum ya gina da hannunsa ba ya barin a sare shi, saboda haka a dawo da gayya, a toshe giɓin nan guda ɗaya tukuna. Ya bi gida gida. Wasu suka ce Allah ya taimaka, wasu suka ce za su turo yara. Mai unguwa ya ce a bari a kawar da amfanin gona sannan a sa rana. Malam bai iya jira ba. Ya sa aka kawo masa ƙasa daga ramin hanyar Batagarawa, kuma Ɗan'azumin nan ne ya kawo ta, ya juye a bakin giɓin yana dariya. Malam ya zuba mata ciyawa, ya shiga jiƙa ta kowace safiya yana juyawa, yadda magina ke yi don kwaɓi ya tsumu kafin ranar aiki.

A nan ciwon ya same shi. Sani ya ce ya kawo ruwa ya tarar da shi ya ajiye shebur, ya zauna ya jingina da ganuwa, hannu a ƙirji. Ya ce ba hakin ne ya tsorata shi ba, ganin Baba a zaune ne. A asibiti, bayan kalmar shahada da wasiyya kan iyali, abin da ya riƙa tambaya shi ne ko an zuba wa ƙasar ruwa.

Tun da na zo ban iya zama a zauren makoki na daɗe ba. Nakan fita in bi bayan ganuwa. Jiya na tarar da motocin. Ɗan'azumi na cikinsu. Ya sauko ya tsuguna ya yi mini ta'aziyya, ya ce ya sami jana'iza, har ya kama makara. Na tambaye shi me ya dawo da shi nan. Ya ce mota ba tasa ba ce, inda mai ita ya aike shi nan yake zuwa. Na lura da abu ɗaya: sun matsa gaba suna sara, ba su taɓa tulin Malam ba. Yana nan a jiƙe.

Allah ya jiƙan Malam Lawal, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya hutar da wannan bawa nasa da bai san hutu ba a duniya. Allah ya ba Hajiya Binta da Sani da ƙannensa haƙurin rashi, ya raya abin da ya bari, ya haɗa kan 'yan'uwansa. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.

Mai unguwa ya gaya mini za a yi gayyar ranar Asabar ta bayan sadakar arba'in, idan dattawan sauran unguwanni sun amince. Sani na ci gaba da zuba wa ƙasar ruwa kowace safiya. Har zuwa lokacin da nake wannan rubutu, ba a yi shela ba.